Kiwon Murjani A Akwatin Gilashi: Ruwa Ake Fara Reno Kafin Kifi

Duk wanda aiki ko fatauci ya taɓa shigar da shi manyan otal-otal da gidajen masu hali a Ikko ko Fatakwal, ba zai rasa cin karo da akwatin gilashi cike da ruwa ba, kifaye masu launi iri iri suna kai da kawowa a ciki. Galibin waɗannan akwatuna na ruwan daɗi ne, kuma kula da su ba wuya. Amma akwai wani iri mai ruwan gishiri, wanda ake jera duwatsu a ciki a dasa murjani a kansu, watau a kwaikwayi ƙarƙashin teku. Wannan shi ne mai cin kuɗi, shi ne kuma mai saurin lalacewa. Sau da yawa maigida yakan yi tafiya ya bar wa ma'aikacin gida amanarsa, in ya dawo ya tarar kome ya mutu, laifi ya hau kan wanda ba a taɓa koya masa kome game da abin ba.

Da farko dai, murjani dabba ne, ko da yake ido yana ganinsa kamar dutse ko tsiro. 'Yan mitsi-mitsin halittu ne suke zaune jingim, suna tsotso alli daga ruwan teku suna gina wa kansu ƙashi. Jan murjanin da mata ke sawa a wuya, da wanda sarakunan Bini ke ado da shi, ɗan'uwansu ne daga Bahar Rum, sai dai shi ba ya gina tudu. Alhazan dā da suka bi ta ƙasa suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda sun wuce ta kan irin waɗannan tuddai, kuma tsofaffin gidajen biranen nan biyu da dutsen murjani aka gina su. A gaɓar tekun Nijeriya kuwa babu irin waɗannan tuddai, domin Kogin Kwara da sauran koguna suna kwararo ruwan daɗi da laka, alhali murjani ba ya son ko ɗaya daga ciki. Saboda haka duk wanda aka gani a akwati a Ikko baƙo ne, daga nesa ya zo, kuma masu ƙashin cikinsu sai da takardar izni ta yarjejeniyar CITES ake ƙetare iyakar ƙasa da su.

Babban kuskuren sabon shiga shi ne ya cika akwati yau, gobe ya zuba kifi. Masu kiwon tarwaɗa a bayan gida sun san warin da ruwa ke yi in ya kwana biyu ba a sauya ba. Wannan dafin, amoniya, yana fita daga jikin kifi da ruɓaɓɓen abinci, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya ƙone wa kifi wurin numfashi. Tarwaɗa tana da jimiri, kuma mai ita yakan zubar da ruwan ya ɗura sabo daga rijiya. Mai ruwan gishiri ba shi da wannan gata. Shi dole ya jira wasu ƙwayoyin bakteriya su zauna a jikin duwatsu da yashi: wani rukuni ya mai da amoniya naitirait, wanda shi ma dafi ne, wani rukunin kuma ya mai da naitirait naitiret, mai sauƙin illa. Wani masani haifaffen birnin Kiev, Sergei Winogradsky, shi ne ya fara ware irin waɗannan ƙwayoyi a 1890.

To, yaya ake kiransu su zo? Akan jefa ɗan guntun jatan lande ko ɗan tsunkulin abincin kifi a bar shi ya ruɓe, sa'an nan a riƙa awon ruwan duk bayan kwana biyu ko uku da 'yan kwalaben gwaji masu sauya launi. Amoniya za ta hau ta sauka. Naitirait ya biyo baya, shi ma ya hau ya sauka. Ranar da su biyun suka koma sifiri, naitiret kuma ya bayyana, ran nan aka ci zangon farko. Yawanci mako 4 zuwa 6 ke nan akwati na zaune ba kowa ciki sai dutse, baƙi suna leƙawa suna tambaya ina kifin. Ana sayar da ƙwayoyin a kwalba don rage jira, amma duk da haka awo ne ke ba da izni.

Ko bayan wannan, kifi ɗaya ko biyu ake sawa, a dakata kamar mako biyu kafin a ƙara, don ƙwayoyin su hayayyafa daidai da sabon nauyin da aka ɗora musu.

Daga nan sai lokacin muni ya shigo. Wata ƙura-ƙura mai launin ƙasa takan lulluɓe yashi da gilashi, bayanta koriyar gansakuka mai kama da gashi, wani lokaci har da jar yauƙi. A nan ne masu gajen haƙuri kan fasa kome: su kwashe duwatsu su wanke da ruwan famfo, su kashe ƙwayoyin da aka yi makonni ana reno, a koma gidan jiya. Abin da ya kamata shi ne a rage abinci, a rage awoyin fitila, a sa dodon koɗin teku ya yi kiwonsa, a kuma jira. Akwati ba ya nuna sosai sai ya yi wata 6 zuwa shekara guda. Murjani mai taushi ake fara gwadawa, masu ƙashi su zo daga baya.

Batun gishiri kuwa, ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 a kowace lita. Ke nan akwati mai cin durom guda, lita 200, yana bukatar wajen kilo 7. Gishirin miya ba ya yi, domin babu alli da maganiziyam da sauran abubuwan da murjani ke gina ƙashi da su. Akwai na musamman da ake haɗawa don wannan aiki. Ruwan lagun na Ikko ma bai dace ba, ga ƙazanta, ga shi gishirinsa na sauyawa tsakanin damina da rani. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, na rijiyar burtsatse da ƙarfe, shi ya sa ake tace shi da matata ta musamman kafin a dama gishiri. Jan ƙarfe kuwa ajalin murjani ne, kuma yana cikin wasu magungunan kifi, don haka ba a zuba magani a babban akwati.

Ga wani wuri da ma'aikatan gida kan yi ɓarna da kyakkyawar niyya. In ruwa ya ragu saboda zafi ko hunturu, ruwan ne kaɗai ya tashi, gishirin na nan. Wanda ya cike gurbin da ruwan gishiri ya ƙara wa miya gishiri ke nan. Tataccen ruwan daɗi ake ƙarawa. Ruwan gishiri sai in an ɗebe tsoho, kamar kashi 10 cikin 100 a mako ko mako biyu, a mayar da sabo mai awo ɗaya da shi.

Littattafan Turai suna yawan maganar na'urar ɗumama ruwa. A kudancin Nijeriya matsalar a juye take. Murjani yana son digiri 24 zuwa 27, ɗaki kuwa a watan Maris yakan wuce 30. In zafi ya daɗe, murjani yakan kori ƙananan gansakukan da ke zaune cikin naman jikinsa suna ciyar da shi da hasken rana, sai ya yi fari fat, yunwa ta kama shi. Haka ya faru ga babban tudun murjani na Ostareliya, mai tsawon kilomita 2,300, a 1998 da 2016 da 2017 da 2024 da wasu shekarun. A gida fanka mai hura saman ruwa tana taimakawa, amma fa tana ƙara saurin ƙafewa.

Ɗaukewar wutar lantarki ita ce babbar barazana. Fitila ta mutu kwana biyu ba kome, amma in injin tura ruwa ya tsaya, iskar da ke cikin ruwa takan ƙare cikin 'yan awoyi, musamman da dare a lokacin zafi. Ƙaramin injin hura iska mai batir ya fi kowane kifi mai tsada cancantar a fara saye. In kuwa babu shi babu janareta, akwai tsohuwar dabara. A 1846 wata Baturiya, Anna Thynne, ta kai murjani Landan daga bakin teku, ta riƙe shi da rai shekaru ba inji ba lantarki. Yarinyar da ke mata aiki ce ke sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a bakin taga, kamar yadda mai shayi ke yi da kofi biyu. A yau ma jug mai tsabta, wanda sabulu bai taɓa ba, zai yi wannan aiki: a ɗebo ruwan akwatin, a ɗaga hannu sama, a kwarara shi ciki, a riƙa maimaitawa har wuta ta dawo.