Haƙƙin Maƙeri da Mai Walda: Yadda Doka Ke Kare Ƙananan Ƙirƙire-ƙirƙire

Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, da wuya ka ga fili kwance babu shuka. Gona na manne da gona, ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa a wuri guda shekara da shekaru, ƙasa ba ta hutawa. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin yadda wannan yanki na kewayen Kano ke ciyar da ɗimbin jama'a da 'yan ƙananan gonaki. Inda babu dajin da za a sare a ƙara gona, dole manomi ya ƙara dabara, kuma rabin dabararsa a hannun maƙeri da mai walda take.

Su ne ke sauya lanƙwasar garmar shanu don ta dace da jigawa. Su ne ke gyara rariyar injin ɓarar gyaɗa don kada ya farfasa ƙwaya, su ƙera injin sussuka da tsofaffin ƙarafan mota. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, masu noman rani da dama sun mayar da injinan ban ruwansu masu amfani da gas ɗin girki. Sai dai da zarar sabon gyara ya bayyana a kasuwar ƙauye, kafin kasuwa ta sake ci an kwaikwaye shi. Wanda ya ɓata ƙarfe da gawayi da watanni yana gwaji ya tashi a tutar babu, wani mai jari kuma ya kwashi samfurin ya ƙera ɗaruruwa.

Don irin wannan ne wasu ƙasashe suka tanadi ƙaramar takardar mallakar ƙirƙira. Babbar takardar, wadda aka fi sani, tana da sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo, ya zama ba wanda kowane gwani a sana'ar zai iya hangowa cikin sauƙi ba, kuma ya yi amfani a masana'anta ko noma. Sharaɗi na biyu ne ke kayar da yawancin masu ƙira, domin aikinsu gyara ne a kan abin da ake da shi. Ƙaramar takarda tana sassauta wannan sharaɗi, a wasu ƙasashen ma ta ɗauke shi gaba ɗaya. Kuɗinta bai kai na babbar ba, ta fi saurin fitowa, amma wa'adinta gajere ne, galibi shekara 10 maimakon 20. A cikin wa'adin, babu mai ikon ƙera abin ko sayar da shi sai da izinin mai takarda. In ya cika, abin ya zama na kowa.

Jamus ta kafa wannan tsari a 1891, Japan ta bi sahu a 1905, lokacin da masu sana'arta ke ɗaukar injinan Turai suna gyara su daidai da buƙatar gida. Sin ta fara a 1985, kuma a 'yan shekarun nan ana shigar da buƙatun irin wannan takarda sama da miliyan biyu a can duk shekara. Ba sai an je nesa ba. Jamhuriyar Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17 da hedikwata a Yawunde, kuma Yarjejeniyar Bangui ta 1977 da ke tafiyar da ƙungiyar ta ware babi guda ga kayan aikin da aka yi wa sabon fasali ko sabon haɗi. Maƙerin Maraɗi ko Damagaram zai iya samun kariyar shekara 10 da rajista guda mai aiki a duk ƙasashen.

Wane irin abu ake nufi? Dubi aikin Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, wanda ya ci kyautar Rolex a 2000. Ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da tsumma mai danshi. Yayin da ruwan ke bushewa sai ya janye zafi, tumatir da yalo da alayyafo su daɗe ba su lalace ba. Kowace uwar gida ta san randa na sanyaya ruwa. Abin da ya ƙara shi ne haɗin, da kuma juya shi zuwa ajiyar kayan miya. Irin wannan ƙaramin mataki mai babban amfani ne tsarin ke nufin ƙarfafawa.

A Nijeriya, dokar da ke aiki ita ce ta mallakar ƙirƙira da zane ta 1970, kuma ba ta ware wa ƙananan ƙirƙire-ƙirƙire babi nasu ba. Duk da haka, akwai abubuwa uku a cikinta da ya kamata mai sana'a ya sani. Na farko, wanda ya riga shigar da takarda shi doka ke ɗauka mai ƙirƙira, ko da yake wanda aka sace wa fasaha yana da damar neman a mayar masa. Na biyu, abin da aka riga aka bayyana wa jama'a, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani da shi, ya daina zama sabo. Wato wanda ya baje injinsa a kasuwa, ko ya ɗora bidiyonsa a Facebook ko TikTok kafin rajista, yana iya rushe haƙƙinsa da hannunsa. Na uku, ofishin rajista da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja cikar takardu yake dubawa, ba ya tantance ko abin sabo ne. Saboda haka takardar na iya fitowa, amma Babbar Kotun Tarayya ta soke ta in wani ya tabbatar ba ta cika sharuɗɗa ba. A nan ne mai ƙaramin gyara ya fi rauni.

Wani zai ce ai sana'a a ƙasar Hausa gado ce da koyi, kuma kwaikwayo ne ya sa kayan aiki suka yi araha har talaka ya samu. Gaskiya ne, shi ya sa wa'adin yake gajere, kuma ba a ba da takardar sai mai nema ya bayyana yadda abin ke aiki, kowa ya karanta. Ita ma takardar ba ta tsare kanta; mai ita ne zai sa ido, ya nemi sulhu ko ya je kotu. Babban amfaninta shi ne ta ba maƙeri bakin magana: ya zauna da mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, ya ba shi izinin ƙerawa a kan kaso sananne.

To, me mai sabuwar dabara zai yi yanzu? Ya zana abin, ya rubuta bayaninsa da kwanan wata, ya kama bakinsa har sai ya shigar da takarda. Ya tuntuɓi hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, da ke taimaka wa 'yan ƙasa wajen rajista, tana kuma da ofisoshin haɗin gwiwa a jami'o'i da dama. Ƙungiyoyin maƙera da masu walda su haɗa kuɗi su ɗauki lauya guda. Wakilan Kano ta Arewa a Majalisar Tarayya kuwa, su matsa a gyara dokar da ta haura shekara 50, a sa mata babin ƙananan ƙirƙire-ƙirƙire, a kuma sauƙaƙa rajista ta yadda mai ƙira a Tsanyawa ba sai ya sayar da akuyarsa ya yi kuɗin motar Abuja ba.