Randunan Bakin Hanya a Wani Ƙauyen Ƙasar Gumel

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta ratsa jigayin ƙasar Gumel ta nufi Maigatari a tsakiyar bazara, sa'ad da rana ke buɗewa tun da hantsi, iska kuma ba ta ɗauke da komai sai ƙura da zafi, ya san irin darajar da ruwa ke da ita a wannan yanki. Abin da ya kai ni wani ƙaramin ƙauye da ke gefen hanyar shi ne labarin da na ji, wai akwai garin da matafiyi ba ya sayen ruwan sha a cikinsa, alhali mutanensa sai sun haɗa igiya biyu kafin gugansu ya taɓa ruwa a rijiya. Dagaci ya karɓe ni da fara'a, aka dama mini fura, aka kuma haɗa ni da wani saurayi ya zaga da ni.

A ƙarƙashin wata darbejiya, dab da ƙofar wani gida na laka, muka tarar da randuna uku an binne gindinsu cikin jiƙaƙƙen rairayi, kowace an rufe ta da faifai. Kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, saboda haka tun yammacin Laraba masu kora dabbobi da fatake da mata masu tallan nono ke ta wucewa, kowa ya ratse ya sha, ya yi hamdala, ya kama gabansa, ba wanda ya tambaye shi daga ina ya fito.

Mai randunan wata dattijuwa ce da mijinta ya daɗe da rasuwa. Na same ta a zaure tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, me ya sa kika ɗora wa kanki wannan ɗawainiya a ƙasar da ruwa ke da tsada haka?"

Ta ce, "Ɗan nan, ba ka san shekarar fari ta biyu ba ko?" Tana nufin 1984, domin ta farko a wurinsu ita ce ta 1973. Ta ce a wannan shekara gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, maigidanta ya tafi ci-rani ba labari, ita kuwa da ta ga rumbu ya ƙare ƙaf, sai ta goya jaririnta ta kama hanyar ƙasar Haɗeja a ƙasa, inda wanta ke noman fadama. Da rana ta take, ruwan gorarta ya ƙare, nono ya ɗauke, yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Can sai ta iso wata 'yar unguwa, ta ga randa a ƙofar wani gida, ba kowa a wurin. Ta sha, ta jiƙa bakin zanenta ta matsa wa yaron a baki, ta shafe masa jiki.

"Har yau ban san fuskar masu gidan nan ba," in ji ta. "Kuma wallahi da an ce sai na yi sallama na roƙa, da na wuce da ƙishirwata, don ban saba roƙo ba. Yaron dai Allah ya karɓi abinsa da damina, ƙyanda ce ta ɗauke shi. Amma ranar nan bai mutu a bayana ba. Da na komo gida na yi wa Allah alkawari, muddin ina numfashi ba a rasa ruwa a ƙofata."

Wannan magana tata ta tsaya mini a rai, domin a ganina a nan hikimar al'adar take. Mai kyauta hannu da hannu, kome kyawun niyyarsa, yakan bar wa mai karɓa nauyin godiya da ɗacin kunya, amma wanda ya ajiye alherinsa a bakin hanya ya koma cikin gida, ya kashe wa mabukaci ƙishirwa ya kuma rufa masa asiri.

Yanzu gwiwoyinta sun gaji, ba ta iya zuwa rijiya. Jikanyarta ce ke wanke randunan da asuba, 'yan garuwa kuma, waɗanda ke tura kura cike da jarkoki daga famfon burtsatse, sun ɗauki al'adar kowa ya juye jarka guda a ciki kafin ya fara ciniki, suna cewa buɗe kasuwa ce. Akwai samarin da suka yi ƙorafi cewa moɗa ɗaya ga kowa da kowa hanyar yaɗa amai da gudawa ce, kuma gaskiya suka faɗa. Malamin asibitin sha-ka-tafi na yankin bai ce a ɗauke randunan ba, sai ya ba da shawara a sa ludayi mai dogon hannu na ɗiba kawai, a ajiye kofunan sha dabam, a riƙa wanke su. Haka aka yi, kuma ina ganin wannan ya fi a bar matafiyi da ruwan leda wanda ba kowa ke da kuɗinsa ba.

Bayan la'asar na zauna wurin limamin garin, bayan ya tashi daga karantar da Risala. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wa'azi ne ya kawo wannan hali, ko gado ne?" Ya ce duka biyun. Ya ambata mini ƙissar Sa'adu ɗan Ubada, wanda ya haƙa rijiya sadaka ga mahaifiyarsa da ta rasu bisa ga shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ta Sayyidina Usmanu, wanda ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Sa'an nan ya ce zakka farilla ce, kuma mutanensa na fitar da dami ɗaya cikin goma idan amfani ya kai nisabi, sai dai ita da kaka ake fid da ita, yunwa kuwa sai marka ta kankama, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, sannan take shiga gidaje. A wannan tsakani, in ji shi, ba abin da ke riƙe gari sai haƙƙin maƙwabtaka.

Da daddare na ga abin da yake nufi. Bayan sallar lisha magidanta suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallacin unguwa, yara suka yi ta fitowa da akusa na tuwon gero da miyar kuka, aka jera su wuri ɗaya cikin duhu, aka haɗu aka ci. Saurayin da ke tare da ni ya raɗa mini cewa a ciyayya ba a duba wanda akushinsa ya fito da wanda bai fito ba, kuma magidancin da ba a hura wuta a gidansa ba, in ya ƙi zuwa don kunya, dattijo ne zai je ya kamo hannunsa. Iyalinsa kuwa ta bayan danga mata ke miƙa musu kwano, a ce, "In ji Inna, a ɗanɗana miya."

Liman bai ɓoye mini damuwarsa ba. Samari da yawa kan tafi Kano da Legas da Fatakwal da zarar an gama girbi, wasu har damina ta faɗi ba su komo ba, kuma ƙwadago na kuɗi ya soma korar gayya, ta yadda tsohon da ba shi da ɗa a gida sai ya zuba ido ciyawa ta cinye masa gona. Abokin tafiyata ya kare 'yan'uwansa, ya ce ai suna aiko da kuɗi ta waya. Liman ya ce, "Allah ya yi musu albarka, amma kuɗi ba ya riƙe fartanya." A zaman nan aka ambaci wani manomi da ciwon ƙafa ya kwantar tun hunturu, aka tsai da shawara cewa da zarar an yi ruwan shuka, gonarsa za a fara shiga. Dagaci ya ɗauki nauyin goro, mata za su dama fura, Liman kuma zai yi sanarwa bayan sallar Juma'a, ba tare da ya faɗi dalilin da ya sa aka zaɓi wannan gona ba.