Yadda Ake Sa Kifin Enjal Ya Hayayyafa A Akwatin Gilashi

A manyan garuruwa yanzu akan ga akwatin gilashi cike da ruwa a ɗakin baƙi ko a ofis, kifaye na yawo a ciki don ƙawa. Cikinsu akwai wani mai faɗi kamar faifai, da dogayen fikafikai sama da ƙasa, wanda Turawa ke kira enjal, watau mala'ika. Asalinsa kogin Amazon ne a Amurka ta Kudu, an kuwa rubuta bayaninsa a littattafan masana tun 1823. Dangin karfasa ne, kuma kamarta yana tsaron ƙwansa. Bambancin shi ne karfasarmu ta tafki a baki take riƙe nata ƙwai, shi kuwa a jikin ganye yake manna nasa.

Mutane da yawa sukan sayi manya biyu, su zuba su wuri ɗaya, su yi ta jira har shekara ba labari. Dalili kuwa, wuya ne a rarrabe namiji da mace da ido, har mai sayarwa ma yakan ruɗe. Ga shi kuma kifin nan ba a yi masa auren dole. Dabara ita ce a sayi ƙanana shida ko takwas a rene su tare. In sun kai wata shida zuwa shekara, za a ga biyu sun ware, sun kama kusurwa guda suna korar sauran. To, waɗannan su ne ma'aurata. Sai a mai da su akwatinsu su kaɗai, mai cin lita 75, watau wajen garwa huɗu, zurfinsa kuma kada ya gaza inci 18 saboda tsawon fikafikansu.

Ruwa shi ne rabin aikin. Ana so ɗuminsa ya tsaya a digiri 26 zuwa 28. A ƙasarmu wannan ba wuya da bazara da damina, amma da hunturu ruwa yakan huce ƙwarai da asuba, kifin ya daina ƙwai. Wanda ba shi da hita, ko wutar unguwarsu ba ta da tabbas, gara ya jira sanyi ya wuce. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba, don kulorin ɗinsa ya fita. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu a sa sabo mai ɗumi daidai da na ciki. Abinci kuwa, a haɗa musu da mai rai, kamar 'ya'yan sauro da yankakkiyar tana, kaɗan kaɗan sau biyu a yini.

A jingina ɓallin tayil a tsaye cikin akwatin. Ran da aka ga sun dukufa suna goge shi da baki, ƙwai ya kusa. A sa'an nan ne jinsi ke bayyana: bututun da ke fitowa ƙarƙashin cikin mace mai kauri ne, na namiji siriri mai tsini. Macen za ta bi tayil daga ƙasa zuwa sama tana jera ƙwai layi layi, ɗaruruwa, namiji na biye yana barbara. Daga nan su riƙa yi masa fifita da fikafikai, suna tsince wanda ya lalace.

Nan ne masu kiwo suka fi yin hasara. Sababbin ma'aurata sukan cinye ƙwan farko, har na biyu da na uku, sai mai su ya fusata ya raba su ko ya sayar. Wannan gaggawa ce, gama cikin mako biyu sukan sake wani, kuma da yawansu suna koyon reno a hankali. Abin da ke ƙara sa su ci shi ne firgita: yara na ƙwanƙwasa gilashi, baƙi na leƙe, ko a kashe fitila farat ɗaya. A rufe gefen akwatin da takarda, a bar ɗan haske da dare. In kuwa kullum ƙwan duka yakan yi fari fat cikin kwana biyu, ba mamaki mata biyu ne suka haɗu, don hakan na faruwa.

In sun ƙi daina ci, a ɗauke tayil ɗin a sa a wata kwalba mai ruwan akwatin, a ɗiga shuɗin maganin nan metilin bulu don hana fumfuna, a sa bututun iska kusa ya maye gurbin fifitar iyaye.

Ƙwai yakan ƙyanƙyashe cikin kwana biyu zuwa uku. 'Ya'yan sukan zauna manne suna motsa wutsiya wajen kwana biyar, suna rayuwa da gwaiduwar cikinsu. Kada a ba su kome a lokacin nan, ruwa kawai zai ɓata. Sai sun tashi suna iyo a fara ba su atemiya, watau ƙananan jatan landen ruwan gishiri, wadda ake sayen ƙwanta busasshe a ƙyanƙyashe a kwalba cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin tace ruwa ya zama na soso, don mai ƙarfi yakan zuƙe su. Bayan wata biyu zuwa uku jikinsu zai kai faɗin murfin kwalba, sun isa kai wa masu saye.