Tarin fuka da kuturta: 'Yan gida ɗaya da rayuwa ta raba

A Najeriya, shiri ɗaya ne na gwamnati ke yaƙi da tarin fuka da kuturta, kuma a Saye da ke Zariya akwai cibiyar horas da ma'aikatan lafiya kan cututtukan biyu. Ƙwayoyin bakteriyar da ke haddasa su ma 'yan dangi ɗaya ne, wanda ake kira Mycobacterium. Sai dai ɗaya ta fi kama huhu, ɗayar kuma fata da jijiyoyi. Me ya raba su?

Amsar tana cikin ƙwayoyin gado, wato umarnin da ke cikin kowace halitta. Bakteriya ba ta aiki da umarninta duka lokaci guda. Tana kunna wasu, ta kashe wasu, gwargwadon halin da ta tsinci kanta, kamar mai gidan da ke kunna fitilar ɗakin da zai shiga kawai.

A 1998 masana suka karanta ƙwayoyin gadon bakteriyar tarin fuka, suka samu kimanin 4,000. Da aka karanta na kuturta a 2001, masu aiki kimanin 1,600 ne kacal, fiye da 1,000 kuma sun lalace sun zama kufai.

Bambancin ya fi fitowa a makunnan da ake kira sigma, waɗanda ke zaɓar rukunin umarnin da za a karanta. Ta tarin fuka tana da 13. Ta kuturta tana da 4 masu aiki. Wata 'yar uwarsu da ke rayuwa a waje, Mycobacterium smegmatis, wadda da wuya take sa cuta, tana da fiye da 20, domin mai fama da sauyin zafi, sanyi da abinci dole ya tanadi dabaru da yawa.

Ta tarin fuka gwanar jira ce. Idan garkuwar jiki ta killace ta a huhu, iskar shaƙa ta yi ƙaranci, wani makunni mai suna DosR yakan tayar da ƙwayoyin gado kusan 50, sai ta rage aiki ta lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita, akasarinsu ba tare da ciwo ba. Tana iya farkawa idan garkuwa ta yi rauni, kamar a wurin mai HIV ko mai fama da rashin abinci. Magunguna sun fi cin ƙwayar da ke hayayyafa, kuma wannan na cikin dalilan da masana ke bayarwa na shan magani wata shida. Wanda ya daina da ya ji sauƙi, ya bar baya da ƙura.

Ta kuturta ba ta da DosR. Ta jingina kacokan da ƙwayoyin jikin da take ciki, har ta kai ba a iya renon ta a kwanon gwaji, tun da Gerhard Hansen ya gano ta a Norway a 1873. Takan ɗauki kusan mako biyu kafin ta rabu biyu, abin da ta tarin fuka ke yi cikin kusan kwana ɗaya. Ɗaya daga makunnan da ta rasa shi ne na jure zafi, kuma masu bincike na danganta hakan da yadda take son wuraren sanyi a jiki: hanci, kunne, yatsu da fata.

Wannan nawar ce ke sa alamun kuturta su ɗauki shekaru kafin su bayyana. Tabo a fata mai haske da ba ya jin taɓi ya isa a je asibiti. Maganin kyauta ne, na wata 6 zuwa 12, kuma idan an fara shi da wuri yana hana nakasa.