Binciken Da Ba A Yi Da Ƙidaya: Darasi Daga Baba Ta Karo

A ƙarshen shekarar 1949 wata Baturiya mai suna Mary Smith ta soma zama da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, wadda ake kira Baba, mutuniyar Karo. Mijin Baturiyar, M. G. Smith, yana nazarin tattalin arzikin ƙauyukan Zazzau ne, amma da yake namiji ne, iyakarsa zaure. Matarsa ce ta sami shiga cikin gida. Kimanin mako shida Baba tana ba da labarin rayuwarta da Hausa, ita kuwa tana rubutawa. A 1954 aka buga labarin da Turanci, kuma har yau masana suna dogara da shi.

Masu karatu za su so su san cewa masu nazarin zaman jama'a suna da manyan hanyoyi biyu na bincike. Ta farko ita ce ƙidaya: a raba wa ɗaruruwan mutane takardar tambayoyi, a tattara amsoshi, a fitar da lissafi. Ta biyu kuwa ita ce a zauna cikin mutane, a ji harshensu, a lura da ayyukansu, a yi doguwar hira da su. Wanda ya yi fice wajen kafa wannan hanya shi ne Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918.

Ƙidaya tana iya gaya mana yawan auren da ya mutu a gari, amma ba ta iya faɗin dalili. Baba kuwa, wadda ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, ta bayyana yadda ake ƙulla aure da yadda yake warwarewa, da riƙon 'ya'yan dangi, da ƙawance, da harin kamun bayi kafin zuwan Turawa. Babu takardar tambayoyin da za ta tono waɗannan.

Haka Abner Cohen ya yi a Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963. Zama da fataken shanu da na goro ne ya nuna masa yadda ake ba da bashin dukiya mai yawa ba takarda, domin maigida ya tsaya wa baƙonsa. Lalle gani ya kori ji.

Sai dai hanyar tana da nata rauni. Bakin mutum ɗaya ba shi ne bakin gari ba, kuma mai bincike yana iya jin abin da ransa yake so kawai. Maganin wannan shi ne a gwada maganar wani da ta wani, a haɗa da abin da ido ya gani, a kuma nemi yardar mai magana kafin a rubuta.

Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba. Da an yi jinkirin shekara biyu, da duk abin da ta sani ya tafi tare da ita. Tsofaffi irinta suna nan a gidajenmu, daga Sakkwato har Agege. Ya kamata ɗalibanmu na jami'a su ɗauki alƙalami da na'urar ɗaukar magana, su shimfiɗa tabarma gabansu tun suna da rai.