Matar da ta yafe wa mutumin da ya ci amanar iyalinta

A safiyar 28 ga Fabrairun 1944, wani mutum ya shiga shagon gyaran agogo na iyalan ten Boom a garin Haarlem na ƙasar Holland. Ya ce an kama matarsa saboda taimakon Yahudawa, kuma yana neman kuɗin da zai ceto ta. Corrie ten Boom, wadda ke fama da mura a ranar, ta amince za ta taimaka masa.

Ashe mutumin, mai suna Jan Vogel, ɗan leƙen asirin 'yan Nazi ne. Kafin rana ta faɗi, 'yan sandan ciki na Jamus sun yi wa gidan dirar mikiya, suka kama mutum kusan 30.

Laifin iyalin shi ne ɓoye Yahudawa. Mutum 6 da suka shige wani ɗan lungu da aka gina a bayan bangon ɗakin Corrie sun tsira a ranar, domin masu binciken ba su gano wurin ba.

Abin da ta rasa

Mahaifinta Casper, mai shekara 84, ya rasu a tsare bayan kimanin kwana 10. An kai Corrie da yayarta Betsie sansanin mata na Ravensbrück da ke Jamus, inda Betsie ta rasu a Disambar 1944. Kwanaki kaɗan bayan haka aka saki Corrie.

Tun suna tsare ta gano sunan wanda ya tona musu asiri. Ta bayyana daga baya cewa ƙiyayyarsa ta hana ta barci, alhali Betsie addu'a take yi masa, tana tausayinsa.

A 1945, bayan yaƙi ya ƙare, Corrie ta rubuta wa mutumin wasiƙa. Ba ta rufe ɓarnar da ya yi ba, ta faɗa masa cewa shi ne sanadin mutuwar mahaifinta da 'yar'uwarta. Sannan ta ce ta yafe masa, ta kuma roƙe shi ya nemi gafarar Allah.

Daga ina ta samo wannan?

Kiristoci na danganta irin wannan hali da koyarwar Yesu a Linjilar Matiyu sura ta 5, inda ya umarci mabiyansa su ƙaunaci maƙiyansu, su kuma yi wa masu tsananta musu addu'a. Shi kansa almajirinsa Yahuza ne ya bashe shi a kan azurfa 30, kuma Linjilar Luka ta ce ya nema wa waɗanda suka gicciye shi gafara.

Sai dai faɗa ya fi aikatawa sauƙi. A 1947, bayan Corrie ta gama jawabi kan gafara a wata majami'a a Munich, wani tsohon mai gadin Ravensbrück ya miƙo mata hannu. Ta gane shi, hannunta ya ƙi ɗaguwa. Sai da ta roƙi Allah a zuci kafin ta iya miƙa nata.

Darasin da ta ɗauka shi ne cewa yafiya shawara ce da mutum ke yankewa, ko da zuciyarsa ba ta huce ba tukuna.

Ta buɗe gidan kula da waɗanda suka tsira daga sansanoni a Bloemendaal, ta kuma ba wa 'yan ƙasarta da suka haɗa baki da 'yan Nazi mafaka a lokacin da kowa ke gudunsu.

Ta rasu a Amurka ranar 15 ga Afrilun 1983, ranar da ta cika shekara 91. Gidan na Haarlem yanzu gidan tarihi ne.