Ɗaukar hoton littafi ba shi ne adana shi ba

Kutsen da ƴan Rhysida suka yi wa Laburaren Birtaniya a watan Oktoban 2023 ya isa ya hana shugabannin jami'o'inmu barci, amma ko gezau ba su yi ba. Ga kuɗi, ga ƙwararru, duk da haka sai a Janairun 2024 kundin neman littattafansa ya dawo intanet. To ina ga rumbun da ke kan kwamfuta ɗaya tak a ɗakin laburare, wadda janareta da ƙurar hunturu ke rainonta?

Kowa yanzu yana son a ce ya buɗe rumbun intanet. ABU Zariya tana da Kubanni, Jami'ar Boston ta ɗauki hotunan rubuce-rubucen ajami na Hausa ta ɗora, ana kuma ta kiran a yi wa taskar Waziri Junaidu ta Sakkwato haka. Sai dai kusan kullum kuɗin na ɗaukar hoto ne kawai. Tallafi ya zo, a sayi kyamara, a yi bikin ƙaddamarwa, a watse. Bayan shekara biyar faifan ajiya ya fara ciwo, manhajar DSpace ta tsufa ba a sabunta ba, yaron da ya san kalmar sirri ya sami aiki a Abuja. Ba a ware wa wannan ɗawainiya ko kwabo a kasafin shekara ba, domin ba gini ba ce da za a yanka kyalle a gabanta. Nan matsalar take. Takardar da malami ya naɗe a gafaka tana iya kai shekara ɗari biyu idan gara ta ƙyale ta, faifan kwamfuta kuwa ba ya ko kusa da haka.

Wasu za su ce ai laifin wutar lantarki ne. Da gaskiyarsu, amma solar ta rage wannan kukan, ba ta kuma taɓa kwafe fayil da kanta.

Maganin da aka sani shi ne kwafi fiye da ɗaya, a wurare masu nisa da juna, ƙarƙashin hukumomi daban. Wanda ya tsaya a Illela ya dubi Ƙonni ta Nijar zai ga inda ya dace kwafi na biyu ya tafi. Maratta, mahaifar Shehu Usmanu, tana tsallaken nan ne, kuma cibiyar IRSH ta Yamai tana riƙe da dubban littattafan hannu tun tarin da Boubou Hama ya fara. Gado ɗaya ne iyaka ta raba. Da Sakkwato da Yamai za su yi musayar kwafi, gobara ko kutse a gida ɗaya ba zai cinye duka ba.

Illelar kuma ta nuna inda gizo ke saƙar. An rufe iyakar a 2019, aka buɗe a Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har Najeriya ta yanke wa Nijar wuta. Yarjejeniyar da ta rataya a wuyan gwamnatoci za ta riƙa mutuwa ne da kowace rigima. Sai dai a ƙulla ta tsakanin laburare da laburare, a rubuta sunan ofishin da zai duba fayilolin duk shekara, da asusun da za a biya shi.